Kwana Biyun Auta

Ranar Talata da hantsi aka kai Auta ofishin 'yan sanda, kuma ba kowa ne ya kai shi ba illa uban da ya haife shi. Laifinsa guda ne: ya riƙe hannun Baba. Da safe Inna ta kawo ruwan wanka bai yi zafin da ake so ba, Baba ya ɗaga sandarsa kamar yadda ya saba. Auta na tsugune a tsakar gida yana naɗe wayar injin walda, bai san lokacin da ya miƙe ba. Bai zagi kowa ba, bai ture kowa ba. Ya dai kama wuyan hannun tsohon a sama, ya ce, "Baba, ya isa haka."

Shekara talatin ana jin ƙarar sandar nan a gidan, ba wanda ya taɓa kiran abin da abin kunya. Sai ranar da aka ce ya isa, sannan kowa ya dafe kai yana salati.

Gidan kuwa yana da abin da yake taƙama da shi, wato Sajan, mijin babbar yayar Auta. Tun da aka sami suruki ɗan sanda aka daina ɓata baki a kan mai taurin kai. Sai a ce a kai shi wurin Sajan ya ji jiki. Har maƙwabta kan zo aron wannan alfarma, kamar yadda ake aron tsani. Ba wanda ya yi tunanin cewa Auta ɗan shekara ashirin da bakwai ne, mai rumfar kansa, wanda rabin ƙofofin unguwar aikin hannunsa ne.

"Kwana biyu kawai," in ji Baba a gaban kantar ofishin. "Ya shaƙi warin wurin, hankalinsa ya dawo jikinsa."

Kurtun da ke kan aiki ya jawo babban littafin da ake rubuta sunan duk wanda aka kulle, da rana da lokaci. Sajan ya ɗora hannu a kai ya rufe.

"Kai, bar shi. Na gida ne. Ba za mu ɓata wa Baba suna a littafi ba."

Baba ya yi ta sa masa albarka. Sajan ya dafa kafaɗar Auta yana dariya, irin wasan da suka saba. "Taho, ƙanena, ɗakin baƙi ne. Ai kai ma ka san shi."

Ya san shi kuwa. Bara shi ya zo ya gyara ƙofar ɗakin, ya ƙara mata sakata biyu, don zumunci. Da aka turo ta a bayansa ya ji yadda ta zauna daram, babu ko girgiza. Ya zauna a ƙasa cikin mutum goma sha ɗaya, ya ce a ransa kwana biyu ba ya kisa.

Laraba ta wuce. Ranar Alhamis da safe yana ta sauraron takun Sajan, sai ya ji ofishin ya rikice da guje-guje. Alƙalin da ke zagayen duba ɗakunan tsaro ne ya iso ba sanarwa, har motarsa ta tsaya a harabar. Mutumin da aka kulle babu sunansa a littafi kuwa wuta ce a wuyan wanda ya kulle shi, ga shi ƙofar fita ɗaya ce, alƙali na tsaye a bakinta.

Sajan ya leƙo yana gumi, da takarda a hannu. Ya rufe saman takardar da tafin hannunsa, ya miƙo tawada ta tsakanin ƙarafa.

"Maza dangwala nan. Takardar sallama ce."

Auta ya dangwala. Mijin yayarsa ne fa, wanda ya sha cin abinci kwano ɗaya da shi.

"Ko me aka tambaye ka, ka yi shiru. Ni zan gyara komai."

Alƙali ya zo, dattijo mai gilashi, ya kira suna ɗaya-ɗaya daga littafi, har da na Auta, wanda tawadarsa ko bushewa ba ta gama yi ba. Sannan ya dubi ɗakin ya ce, "Akwai mai kuka? Akwai wanda ya wuce kwana ɗaya ba a kai shi kotu ba?" Auta ya buɗe baki. Ya hango Sajan a bayan alƙali yana girgiza masa kai a hankali. Ya mayar da bakinsa ya rufe. Daga baya ya sha kwanciya yana tuna wannan ɗan lokacin, yana jin kamar ya mari kansa.

Sai washegari a kotu ya ji abin da ya dangwala wa hannu. An fasa wani shagon kayan lantarki daren Laraba, an yanke ƙofar ƙarfe da injin yanka, an fasa wa maigadi kai. An kama mutum biyu, na ukun ya tsere. Fayil ɗin na kan teburin Sajan da gurbin mutum ɗaya, ga kuma mai walda a hannu. Takardar ta ce Auta ne na ukun, an kama shi ranar Alhamis da safe, kuma ya amsa da bakinsa.

"Ranka ya daɗe, ni tun Talata nake..."

"Ba yau za a ji bayaninka ba," in ji magatakarda. Tunda an zubar da jini, kotun ta ce ba ta da ikon ba da beli. A kai su gidan yari, a jira shawara daga sama. Duk abin bai kai minti biyar ba.

Ɗakin masu jiran shari'a an gina shi ne don mutum ashirin, Auta ya zama na saba'in da huɗu. Ana kwanciya a gefe ɗaya, in za a juya sai a juya tare. Bokiti ɗaya ne a lungu, sabon zuwa kuma shi ke kwana kusa da shi. Wannan duk da sauƙi. Damuwarsa idonsa na hagu ne, wanda tartsatsin ƙarfe ya taɓa shiga, yake ɗiga masa magani safe da yamma. Kwalbar tana can a kan tagar ɗakinsa. A mako na biyu idon ya yi ja, a na huɗu ya fara ruwa, da safe sai ya sa yatsa ya ɓamɓare shi kafin ya buɗu.

Yaya Babba, babban wansa, shi ne ya fara zuwa ziyara, da rigarsa mai guga, ya tsaya nesa da wayar da ta raba su kamar za ta shafa masa datti.

"Kai ma fa ka jawo, Auta. Hannun uba? Ai ko ni da nake babba ban taɓa ba."

"Yaya, na ji. Amma ka je ka gaya musu tun Talata nake kulle. Kai ka tuƙa motar da aka kawo ni."

"Ka bi a hankali mana. Sajan yana kan magana da manyansa. In muka yi gaggawa sai mu ɓata masa shiri."

"Maganin idona fa?"

"Au! Wallahi na manta. Wani zuwan."

Wani zuwan sai da aka yi wata guda, kuma yayarsa ce ta zo, matar Sajan, da tsohon ciki. Tun kafin ta yi magana ta fara kuka, har Auta ya sami kansa yana ba ta haƙuri, shi da ke cikin waya.

"Ba ya barci, Auta. Wallahi mutumin nan ya rame saboda kai. Kuskure ne, tsoro ne ya sa shi. Amma in maganar ta fito korarsa za a yi, har ɗauri. Ina zan kai yara huɗu da wannan?" Ta dafa cikinta. "Kai namiji ne, ba ka da mata, ba ka da ɗa. Ka daure mana."

Ya tambaye ta Baba. Ta ce Baba ya ce zai zo, amma har yanzu ba a aiko masa da ban haƙuri ba.

Inna ta zo a wata na uku, ita kaɗai, da kwano ɗaure a ɗankwali, da kwalbar maganin a ƙulle a bakin zane. Mai gadin ƙofa ya karɓe kwalbar, wai sai da takardar likita. Ta tsaya tana kallon idon ɗanta, tana ta cewa, "Sannu, Auta. Sannu." Shi ma bai ce mata ta yi wani abu ba. Ya san ko fitowar nan da ta yi, sai ta biya ta da jikinta.

A wata na biyar aka kira shi ɗan ofishin da lauyoyi ke ganin mutane. Wata mata ya tarar, gajera, da jaka cike da fayil har zif ya ƙi rufuwa, tana cin biskit a tsaye. Lauya ce daga masu kare marasa galihu kyauta, shi ne mutum na tara da za ta gani a ranar.

"Zauna. An karanta maka wannan takarda kafin ka dangwala?"

"A'a."

"An ce maka kana da ikon yin shiru, ko ka nemi lauya?"

"Shirun dai an ce in yi."

Ta ɗago ta dube shi, ta ɗan yi murmushi. "Ina kake daren Laraba?"

"A kulle, a ofishinsu. Tun Talata da hantsi."

Biron da take rubutu da shi ya tsaya. "Sake faɗa."

Ya faɗa mata komai, tun daga ruwan wanka. Ta ajiye biskit ɗin, ta zauna.

"Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, ban taɓa samun mai shaida irin taka ba. Hukuma da kanta ce ta riƙe ka a lokacin da aka yi laifin. Ba su da ikon kulle ka ma tun farko, ko ubanka ne ya kawo ka, ko kakanka. Ɗakin tsaro ba ɗakin horon 'ya'yan mutane ba ne. Littafinsu kawai zan sa a kawo."

"Ba a rubuta ni ba."

"Me ya sa?"

"Don kada a ɓata wa Baba suna."

Lauya ta ajiye biron. "Ka ji ni da kyau," in ji ta. "Littafin nan da kuke gudu, shi ne kaɗai gatan wanda aka kulle. Wanda aka rubuta, dole a yi bayanin inda yake. Wanda ba a rubuta ba, duk abin da aka ga dama sai a mayar da shi. Alfarmar da aka yi muku ita ce ta cinye ka."

Duk da haka ta gwada. Littafi ya zo, ya ce Alhamis. Kurtun kanta ya ce shi bai tuna ba. Mutanen da suka kwana ɗaki ɗaya da shi sun watse, ba wanda ya san inda suke. Ɓarayin nan biyu sun rantse ba su taɓa ganinsa ba, amma wa ke jin rantsuwar ɓarawo? Saura mutanen gida. Mutum ɗaya tak take nema, wanda zai tsaya gaban alƙali ya ce Talata ce.

Bayan mako biyu ta dawo, ta jefa jakarta kan tebur.

"Na je gidanku. An shimfiɗa mini tabarma, an kawo mini ruwa mai sanyi, mutanen kirki. Babanka ya ce ku ba ku saba tona asirin gida a gaban alƙali ba. Yayanka ya ce shi ranakun sun rikice masa. Yayarka ta rungume jaririnta ta shige ɗaki." Ta jawo kujera ta zauna. "Amma da na fito, mahaifiyarka ta biyo ni bakin ƙofa, wai ta kawo mini takalmina. Ta ce, 'Talata ce. Zan zo.'"

Wannan magana ita Auta ya riƙe wata uku. Idon hagu ya yi fari, ya daina ganin komai da shi sai haske. Na dama ma ya fara ƙaiƙayi. Ma'aikacin ɗakin magani ya duba da tocila ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, in ba a kai shi babban asibiti cikin 'yan makonni ba, na biyun ma zai bi. Aka rubuta takardar neman mota, takardar ta tafi ba ta dawo ba.

Ranar shari'a aka kawo shi da ankwa, wata takwas cif da kwana biyun Baba. Ya zauna a benci yana juya kai gaba ɗaya don ya ga ƙofa da ido ɗaya. Mata suka yi ta shigowa, ba Inna. Sai ga Yaya Babba, ya sunkuyo kusa da kunnensa.

"Inna ba ta jin daɗi, ba za ta iya fitowa ba. Amma albishirinka, Sajan ya gyara magana. Za a cire zancen maigadi, a bar fasa shago kawai. Ka amsa, a yanke maka wata takwas, ka riga ka yi su. Yau ɗin nan za ka kwana a gida. Ka ga kowa ya huta."

Lauya ta ja shi gefe. Fuskarta babu wasa.

"Gaskiya ne, mai gabatar da ƙara ya yi mini tayin. Dole in gaya maka, zaɓi kuma naka ne. In ka ƙi, zan nemi a ɗaga, in nemi sammaci a kawo mahaifiyarka. Amma kotu za ta tafi hutu, sai bayan wata uku, kuma ban san abin da za ta iya faɗa ba in mijinta na zaune yana kallonta. In ka amsa, za ka fita yau, amma sunan ɓarawo zai bi ka har kabari. Kai mai haɗa ƙofa ne. Wanda kotu ta rubuta ya yanke ƙofar mutane, wa zai sake kiransa ya auna masa ta gidansa?"

"Ke me kika gani?"

"Ni lauya ce, ina so in yi faɗan nan har ƙarshe, in ga Sajan a inda kake tsaye." Ta dubi idonsa na dama, wanda ke zubar da ruwa. "Amma ba idona ba ne."

Aka kira ƙara. Aka karanta laifi. Alƙali ya ce, "Ka aikata ko ba ka aikata ba?"

Auta ya ce, "Na aikata."

"Akwai wanda ya tilasta maka, ko ya yi maka alkawarin wani abu?"

Ya juya kai ya dubi benci. Yaya Babba na duba agogo. Can baya ga Sajan cikin kaki, da sabuwar igiyar ƙarin girma a hannun riga, ladan kammala binciken fasa shago.

"Babu, ranka ya daɗe."

Haka aka rufe fayil, kowa ya yi aikinsa daidai. Takarda ta cika, hatimi ya hau, ba a sami ko ɗigon kuskure a littafin kowa ba. Abin da ya fi ban haushi shi ne, a duk gidan nan babu wanda ya ɗauki kansa azzalumi. Baba tarbiyya ya yi. Sajan taimako ya yi. Yaya Babba sulhu ya nema, yayarsa kuma aurenta ta tsare. Kowa da hujjarsa mai kyau, an tara su an ɗora a kan mutum ɗaya, don shi ne ƙarami, kuma shi ne ba ya da mai kuka a bayansa.

Lauya ta rubuta masa sunan likitan ido a bayan katinta, ta ce gobe da sassafe, kada ya ƙara ko kwana ɗaya. Ta riƙe hannunsa ta ce, "Ka yafe mini." Ita kaɗai ce ta faɗi wannan kalma a ranar, ita da ba ta yi masa komai ba.

Da la'asar suka isa gida. Baba na zaune a kujerarsa a tsakar gida, sandar na jingine a gefensa. Ya dubi ɗansa sama da ƙasa, ƙasusuwan wuya a waje, ido ɗaya fari fat, ya gyaɗa kai kamar wanda aka kawo wa aikin da ya bayar.

"To, ka ji jiki ko? Duniya ce. Zo nan, na yafe maka."

Auta bai durƙusa ba. "Wanne ka yafe, Baba? Wanda na yi, ko wanda na amsa?"

"Kai, Auta!" in ji Yaya Babba. "Daga fitowarka?"

Ya wuce su ya ɗaga labulen ɗakin Inna. Tana zaune a bakin gado, mayafinta na fita a ninke a gefe, takalmanta a jere a ƙasa, kamar wadda ta shirya tun safe. Hannunta na dama na ɗaure da tsumma, ya kumbura har yatsu. Ta yi sauri ta ja zane ta rufe.

"Ƙofa ce ta buge ni," in ji ta, ba ta dube shi ba.

"Inna, ni na haɗa ƙofar nan. Ba ta bugu."

Sai ta fashe da kuka. "Na fito, Auta. Wallahi na kai bakin ƙofa."

"Na sani."

Ya sake labulen ya dawo tsakar gida. Ya tafi kai tsaye wurin kujerar Baba, ya ɗauki sandar. Tsohon ya ja baya, Yaya Babba ya daka tsawa, yayarsa ta fito da jariri a kafaɗa tana kiran sunan Allah. Auta bai dubi kowa ba. Ya ɗora sandar a gwiwa, ya tattara ɗan ƙarfin da gidan yari ya bar masa, ya karya ta biyu. Ya ajiye guntayen a gaban ubansa, a hankali, kamar mai ajiye takalmi.

"Ga waya nan a aljihunka, Baba, kira Sajan," in ji shi. "Amma wannan karon ka ce ya rubuta ni a littafi. Da rana, da lokaci, da abin da na yi."